Angus Buchanan: Baturen da ya bi malam-buɗe-littafi daga Fanisau har ya ƙetare Sahara

A ƙarshen shekarar 1919, lokacin da hunturu ya kankama, mutanen Fanisau da ke arewa da birnin Kano suka yi wani baƙon Bature da ba su saba ganin irinsa ba. Shi ba Di'o ba ne da ya zo ƙidayar haraji, ba kuma wakilin kamfanonin sayen gyaɗa ba ne da suka cika Kano tun isowar jirgin ƙasa a 1911. Aikinsa harbin ƙananan tsuntsayen da ko yaro mai danƙo ba ya kula su, da ɗana wa ɓeraye tarko, da bin malam-buɗe-littafi da wata raga mai doguwar ƙota. In dare ya yi ya kunna fitila, ya zauna yana tsintar faɗa-wutar da haske ya janyo. Duk abin da ya kama sai ya maƙala masa 'yar takarda mai ɗauke da sunan wuri da kwanan wata.

Sunansa Kyaftin Angus Buchanan. A kunnensa Fanisau ta zama Farniso, haka kuma ya riƙa rubutawa. Yau fiye da shekara ɗari ke nan, wannan karkataccen suna yana nan a jikin takardun samfura a manyan gidajen adana halittu na Landan da New York. Masanin da ke son sanin irin ƙwari da tsuntsayen da suke kewayen Kano kafin birni ya haɗiye ƙauyukansa, ba makawa sai ya bi ta kan waɗannan takardu.

An haifi Buchanan a 1886 a Kirkwall, babban garin tsibiran Orkney da ke can arewacin Sikotlan, ƙasar iska da duwatsu da tsuntsayen teku. Yana saurayi ya ƙetara Kanada. A 1914 ya nutsa cikin dazuzzukan arewacin lardin Saskatchewan don tara samfuran tsuntsaye da dabbobi, ya yi watanni a kwalekwale yana bin kogin Churchill da tafkin Reindeer, da ruwa ya daskare kuma ya koma amalanken da karnuka ke ja a kan ƙanƙara. Nisan da ya yi da jama'a ya kai har Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a watan Agusta bai sani ba. Sai da aka yi watanni ana gwabzawa labari ya riske shi, ya katse tafiyar, ya kamo hanyar gida.

Ya shiga bataliya ta 25 ta rundunar Royal Fusiliers, wadda aka haɗa da mafarauta da 'yan yawon duniya da tsofaffin sojoji, aka tura su Gabashin Afirka a 1915 su fuskanci Jamusawa ƙarƙashin Lettow-Vorbeck. Wannan shi ne fagen da daga baya aka kai sojojin Najeriya, Hausawa da yawa a cikinsu, suka sha asara mai yawa a yaƙin Mahiwa a watan Oktoban 1917. Cikin hafsoshin bataliyar akwai shahararren mafaraucin nan Frederick Selous, dattijo da ya haura shekara 60, wanda in an sami sararin harbe-harbe yakan ɗauki ragarsa ya shiga daji kamun malam-buɗe-littafi, har ranar da harsashi ya same shi a Beho Beho a watan Janairun 1917. Buchanan ma bai bar halinsa ba. Wani ɗan tsuntsu mai kaurin baki da ya samo a wancan yanki, masana suka tabbatar ba a taɓa rubuta shi ba, aka sa masa suna buchanani a 1919. Zazzaɓi da atuni sun fi harsashi cin mutanen bataliyar, shi ma ciwo ne ya fitar da shi daga fagen. Ya fito da muƙamin kyaftin da lambar yabo ta Military Cross, ya rubuta littafi kan shekaru ukun da ya yi a yaƙin, ya bi shi da wani kan dajin Kanada.

Attajirin Tring da tambayarsa

Wanda ya raɗa wa tsuntsun nan suna shi ne Ernst Hartert, Bajamushe mai kula da gidan adana halittu na Lord Walter Rothschild a garin Tring, arewa maso yamma da Landan. Masu bibiyar siyasar Gabas ta Tsakiya sun san Rothschild ta wata fuska, domin shi aka aika wa wasiƙar Balfour ta watan Nuwamban 1917. Amma mutumin, ɗan gidan masu banki da harkar banki ba ta taɓa shiga ransa ba, dukiyarsa da rayuwarsa kan halittu suka ƙare. Ya tara fatun tsuntsaye kimanin 300,000 da malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta fiye da miliyan biyu, yana biyan mutane albashi su shiga kusurwoyin duniya su kamo masa. Har jakunan dawa ya horar suna ja masa keken doki a titin Landan.

Hartert kuwa ba baƙon ƙasar Hausa ba ne. A 1885 zuwa 1886, yana saurayi, ya biyo Paul Staudinger daga Loko a bakin Binuwai, suka bi ta Keffi da Zariya zuwa Kano da Sakkwato, tun kafin Turawan Ingila su ci ƙasar. Daga baya shi da Rothschild sun sha zuwa Aljeriya, har Hartert ya nutsa cikin hamada ya kai In Salah a 1912. Wato sun san halittun gefen Sahara na arewa, sun san na kudu. Abin da ya rage musu shi ne tsakiya. A ina ne halittun da suka yi kama da na Turai da gaɓar Bahar Rum suke ƙarewa, na Afirka mai zafi su fara? Idonsu ya faɗa kan duwatsun Azbin, waɗanda suke tsaye kamar tsibiri a cikin rairayi. Heinrich Barth ya ratsa su a 1850, ayarin sojan Faransa na Foureau da Lamy ya bi ta nan a 1899, amma ba wanda ya zauna ya tara halittun wurin bisa tsari. Ana bukatar mutum mai jure wahala, wanda ya iya feɗe tsuntsu, ya iya zaman kaɗaici. Buchanan ya cika sharuɗɗan duka.

Ya sauka Legas, ya hau jirgin ƙasa ya yi tafiyar mil 700 zuwa Kano. A shekarar ce Sarki Abbas ya rasu aka naɗa Sarki Usman. Zaɓen Fanisau a matsayin sansani na farko ba abin mamaki ba ne, gari ne mai gidan sarki tun zamanin Ibrahim Dabo, a can ne ma Hugh Clapperton ya iske Dabo a 1824. A nan Buchanan ya gwada kayan aikinsa, ya ɗauki samarin Kano ya koya musu fiɗar tsuntsu, cikinsu har da wani da yake rubuta sunansa Sakari, wanda kunnen Bahaushe zai ji shi Zakari.

Fiɗar ba irin ta mahauta ba ce. Ana zare fatar tsuntsu ɗungurungum da gashinta, a shafe cikinta da sabulu mai guba don kada ƙwari su ci, a cusa auduga, a ɗinke, a bar ta ta bushe. Malam-buɗe-littafi kuwa, a al'adar masu wannan sana'a a wancan zamani, ana jefa shi cikin kwalba mai guba ya mutu nan take kafin ya karya fikafikansa, sannan a naɗe shi cikin 'yar takarda mai kusurwa uku. Ɗan kuskure kaɗan, garin launin da ke kan fiffiken ya goge a yatsa, aikin ya ɓaci. Bayan haka ga tururuwa da gara, ga girgizar bayan raƙumi na tsawon watanni.

Daga Damagaram zuwa Bagzan

A farkon 1920 ya bar Kano da raƙuma ya nufi Damagaram, wadda a lokacin ita ce hedikwatar mulkin sojan Faransa a Nijar. Daga nan ya shiga Damargu, inda ya ɓata makonni yana farautar jimina cikin zafin bazara, ya bi ta rijiyar Adarbisanat ya isa Agadas.

Ƙasar da ya tarar tana cikin makoki. A watan Disamban 1916 Kawusan ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya da goyon bayan Sarkin Agadas Tagama, sai a watan Maris na 1917 dakaru daga Damagaram suka fasa ta, Turawan Ingila na Najeriya ma suka ba da gudummawar soja. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni. An kashe malamai a Agadas, an kwashe dabbobi, an tattaro mutanen arewacin Azbin an tilasta musu zama kusa da bariki. An kashe Kawusan a Fezzan a 1919, Tagama kuma ya mutu a kurkukun Faransawa a Agadas a 1920, shekarar da Buchanan ya iso. Saboda haka da ya nufi arewa, wajen Timiya da Iferwan, ƙauyuka ya riƙa tararwa ba kowa, gidajen dutse a buɗe, ga kuma fargabar 'yan hari daga hamada. Da izinin Faransawa da rakiyar sojojinsu na raƙumi ya yi yawonsa. Duk mai karanta labarin tafiyar ya kamata ya riƙe wannan a ransa: ragar kamun ƙwarin ta shiga Azbin ne a bayan bindiga.

Ya yi zama mai tsawo a kan dutsen Bagzan, wani faffaɗan tudu da ƙololuwarsa ta haura mita 2,000, mai idanun ruwa da 'yan lambuna. A nan da sauran kwazazzaban Azbin ne aikin ya yi albarka.

Wanda bai san hamada ba zai yi mamakin a ce a je can neman malam-buɗe-littafi. Sirrin yana ga tsiro. Kowane iri yana da ganyen da tsutsarsa ke ci, in babu wannan ganye ba za a gan shi ba, in kuwa akwai shi, ko a tsakiyar duwatsu ne zai zo. Babban ja-ja ɗin nan mai baƙin gefe da ɗigon fari, wanda ake gani ko'ina a Arewa, a kan tumfafiya yake yin ƙwai. Tsutsarsa tana shan gubar da ke cikin ƙullun tumfafiya ta ajiye a jiki, shi ya sa tsuntsu ba ya marmarin cinsa, shi ya sa kuma yake tashi a hankali kamar mai taƙama. Ƙananan fararen nan masu jan baki ko ruwan goro a ƙarshen fiffike, waɗanda su ne suka fi yawa a Sahel, abincin 'ya'yansu jiga ne da anza da bagayi da danginsu, itatuwan da ba sa zubar da ganye ko da rani. Fari mai ɗan kore-kore da ke tafiya garke-garke yana bin tafasa da filasko. Babban baƙi mai zanen rawaya yana bin lemo duk inda aka dasa shi, har cikin lambunan da ke tsakiyar hamada. Bahaushe ma ya daɗe da sanin wannan alaƙa ta tsutsa da itace, tunda zaren da ake samu daga saƙar wata tsutsar faɗa-wuta, wanda ake yi wa manyan riguna aiki da shi, sunan itacen aka ba shi, tsamiya.

Sai kuma ruwa. A Azbin akwai kwarurrukan dutse da ke riƙe ruwa bayan ƙorama ta ƙafe, wasu har shekara ta zagayo. Wajensu komai yake taruwa. Mazari, ƙwaron nan mai fikafikai huɗu da ke shawagi a kan tafki, a cikin ruwan yake yin ƙuruciyarsa yana cin 'ya'yan sauro kafin ya fito ya yi fiffike. Malam-buɗe-littafi kuma yakan sauka a kan danshin bakin ruwa, mazan musamman, suna tsotsar gishirin da ke cikin laka. Mai kamu ba ya bukatar gudu; ya sami bakin ruwa ya zauna kawai. Da damina ta sauka a watan Agusta, ƙasa ta yi kore cikin 'yan kwanaki, abin da ya yi watanni yana nema ɗaya-ɗaya sai ya fito da yawa.

A nan ne amfanin 'yar takardar kwanan wata yake fitowa. Yawancin irin da ke ƙasashen rani da damina suna da kama biyu, ta damina daban, ta rani daban, har masanan farko suka riƙa ba iri ɗaya suna biyu. Sai a 1898 Guy Marshall ya yi kiwon wani iri a ƙasar da ake kira Zimbabuwe yanzu, ya ga uwa mai launin ja ta haifi 'ya'ya masu launin shuɗi, aka gane abu ɗaya ne. Samfurin da ba shi da wuri da rana ado ne kawai. Na Buchanan suna da su, wannan ne ya sa har yau ake komawa gare su.

Ya dawo Kano wajen ƙarshen daminar 1920 bayan tafiyar kimanin mil 1,400 a kan raƙumi. A 1921 mujallar gidan Tring, Novitates Zoologicae, ta fitar da sakamakon kashi-kashi: Hartert ya yi bayanin tsuntsaye, Oldfield Thomas da Martin Hinton na gidan tarihin Birtaniya suka ɗauki dabbobi masu shayarwa, Rothschild da kansa ya riƙe malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta. An sami sababbin iri da dama, an liƙa wa wasu sunan buchanani. Ragon dutsen Azbin kuwa sunansa na yanka aka ba shi, har yau a littattafan kimiyya angusi ake kiransa. Amsar tambayar da ta kai shi ita ce, halittun Azbin sun fi karkata ga na ƙasar Sudan, wato irin na Damargu da Kano, tare da 'yan hamada da suka gangaro daga arewa. Iyakar da ake nema tana can gaba, arewa da Azbin. A shekarar ya fitar da littafinsa na tafiyar, Out of the World North of Nigeria.

Tafiya ta biyu, da kyamara

Tunda iyakar tana gaba, sai a bi ta. A 1922 Buchanan ya sake tashi daga Kano, wannan karon da niyyar ratsa Sahara gaba ɗaya, Rothschild da gidan tarihin Birtaniya suna bayansa. Ya zo da sabon abu, mai ɗaukar fim, T. A. Glover. A zangon Azbin kuma suna tare da Francis Rodd, wanda daga wannan tafiya ya rubuta littafinsa kan Abzinawa a 1926, daga baya ya zama Lord Rennell.

Ɗaukar hoton halitta a 1922 ba wasa ba ne. Kyamarar akwati ce mai nauyi a kan ƙafa uku, ana juya ta da hannu. Zafi yana lalata fim, rairayi yana shiga ko'ina, abin da aka ɗauka kuma ba za a san ya yi kyau ko bai yi ba sai an wanke shi, a ƙasar da ruwan sha ma awo ake yi. Tsuntsu a kan sheƙa ko dabba a bakin ruwa za a iya yi musu kwanto a ɓuya. Ƙwaro mai tashi kuwa ya fi ƙarfin na'urar wancan zamani, kuma hoton baƙi da fari ne, alhali launi shi ne rabin shaidar malam-buɗe-littafi. Don haka raga da kwalbar guba suka ci gaba da aikinsu, kyamara ta tsaya kan mutane da raƙuma da manyan dabbobi.

Da kaka suka bi ayarin gishiri na shekara-shekara, dubban raƙuma, suka ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, kwanaki ba itace ba ciyawa, kowane raƙumi yana ɗauke da harawar da zai ci. Wannan ita ce hanyar da kantun gishiri da dabino suke bi su iso kasuwannin ƙasar Hausa, su kuma gero da tufafin Kano su tafi. Hotunan da Glover ya ɗauka na wannan ayari suna cikin mafi daɗewa da ake da su a fim. Daga nan suka komo Azbin, suka miƙe arewa ta duwatsun Ahaggar da In Salah da Wargla, suka isa Tugurt a Aljeriya, inda layin dogo ya fara, a tsakiyar 1923. Tafiyar ta kai mil 3,500, ta ci fiye da shekara guda.

Cikin raƙuma fiye da 30 da suka bar Kano, ɗaya ne tak ya kai ƙarshe, raƙumin hawan Buchanan mai suna Farin Gashi, shi ma ya faɗi ya mutu jim kaɗan bayan an sauke masa sirdi. Cikin ma'aikatan da aka fara tafiyar da su kuwa biyu ne suka ga Tugurt, Ali, Balaraben Ghat, da Sakari na Kano. Wato akwai Bakano da ya ƙetare Sahara tun daga ƙofar gari har bakin layin dogon Aljeriya yana feɗe tsuntsayen da masana suke aunawa har gobe. Da Buchanan ya fitar da littafinsa Sahara a 1926, ga raƙumin ya sadaukar da shi.

Zamani kuma bai jira su ba. Suna tsakiyar hamada, motocin kamfanin Citroën masu ƙafar sarƙa suka tashi daga Tugurt ɗin nan a watan Disamban 1922, suka isa Tambutu cikin mako uku. A watan Nuwamban 1925 jiragen sama na farko suka sauka a Kano. Fim ɗinsu, Crossing the Great Sahara, da aka nuna a Landan a 1924, ya zama hoton wata duniya da ta fara wucewa tun ana ɗaukarta. Glover ya ci gaba da sana'arsa, shi ya ɗauki fim ɗin tafiyar mota ta farko daga Kef zuwa Alƙahira. Buchanan ya rasu a 1954, bai kai shekara 70 ba.

Inda kayan suka ƙare

Rubutun Buchanan yana da daɗin karatu in yana maganar ƙasa da dabba. Yana da ido, yana da haƙuri, yakan ma rubuta sunayen Hausa na dabbobin da ya gani, ko da yake a karkace. In ya juyo kan mutane kuwa, sai raini irin na Turawan zamaninsa ya fito fili, ya yi wa ƙabila guda hukunci da halin mutum ɗaya. Yakan yabi wanda ya yi masa biyayya, amma da wuya ya ɗauki ilimin madugun da ya san kowace rijiya a matsayin ilimi. Ba don waɗannan madugai ba, da ko Adarbisanat bai wuce ba. Gaskiya ce kuma cewa duk abin da ya tara kashe shi ya yi. Sai dai wanda zai yi masa hukunci kan wannan ya tuna cewa ba ragar masana ce ta ƙarar da namun Azbin ba. Jiminar da ya sha wahalar nema a Damargu, mota da bindigar zamani da fari da tashe-tashen hankula ne suka share ta daga dajin. An sa Azbin da Tenere cikin wuraren gadon duniya na UNESCO a 1991, shekara guda bayan haka aka mayar da su jerin waɗanda ke cikin haɗari. Abin da ya rubuta da abin da ya tara su ne ma'aunin da ake gane yawan abin da aka rasa.

Kayan kansu sun rabu biyu. A farkon shekarun 1930 Rothschild ya shiga matsin kuɗi, saboda wata mata da ta daɗe tana karɓar kuɗin rufin asiri a hannunsa, ya sayar da kusan dukkan tsuntsayensa, kimanin 280,000, ga gidan adana halittu na Amurka da ke New York kan dala 225,000. Tsuntsayen Fanisau da Damagaram da Bagzan suna ciki. Ƙwarin bai sayar ba; da ya rasu a 1937 ya bar su ga gidan tarihin Birtaniya, suna Landan yanzu.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga ƙasar da aka kwaso su. A ƙa'idar kimiyya, samfurin da aka fara bayyana wani iri da shi, shi ne hujja ta ƙarshe kan wannan suna. Ɗalibin Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello da ya kama wani ƙwaro a bakin Jakara yana zaton sabo ne, dole ya gwada shi da wanda ke cikin akwati a Landan, ko dai ya nemi biza, ko ya roƙi a ɗauko masa hoto. An yi shekaru ana fafutukar dawo da tagullan Benin, har Jamus ta fara mayarwa a 2022, amma ba a cika jin an tayar da maganar waɗannan akwatuna a Abuja ba. Ba lallai ne maganin ya zama a kwaso su ba. Busasshen ƙwaro yana bukatar ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta yankewa da ma'aikacin da ba a mance da albashinsa ba, in ba haka ba cikin damina biyu ya zama gari. Wuraren da ake da su a gida, kamar ɗakin adana ƙwari na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru da gidan adana halittu na Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife, su ne suka fi cancantar a fara dubawa. Abin da ya fi sauƙin nema daga waje shi ne cikakkun hotuna da bayanan duk samfurin da aka ɗauka daga Najeriya, tunda gidajen sun riga sun fara sa kayansu a intanet. Wannan aikin wasiƙa ne da yarjejeniya tsakanin hukumomi, irin wanda ake yi kullum a sakatariyar tarayya.

Bayan Buchanan wasu sun ɗora. Robert Gambles, likitan dabbobi da ya yi aiki a Vom, ya shafe shekaru yana nazarin mazarin Najeriya. Torben Larsen ya fitar da babban littafinsa kan malam-buɗe-littafin Afirka ta Yamma a 2005, inda ya nuna Najeriya kaɗai tana da iri fiye da 1,000, mafi yawansu a dazuzzukan kudu. An kuma gano cewa iyakar da Rothschild da Hartert suke nema wasu ƙwarin ba su san da ita ba. Wani ɗan madaidaici mai launin ƙasa-ƙasa da ja, Vanessa cardui, yana hayayyafa a Sahel bayan damina, zuriyarsa ta ƙetare Sahara zuwa Turai, jikokinta su komo kudu da kaka. Hanyar da ta cinye raƙuman Buchanan, wannan ƙwaro yana bin ta kowace shekara.

Kyamarar da ta gagari Glover yanzu tana aljihun kowa. Mai wayar hannu a dausayin Haɗeja da Nguru, ko a bakin tafkin Jabi da madatsar Usuma a Abuja, yana iya ɗaukar mazari a kan kara da launinsa, wayar ta rubuta wuri da rana da kanta, ƙwaron kuma ya tashi abinsa. Fanisau kuwa tana cikin ƙaramar hukumar Ungogo, jiragen da ke tashi daga filin Malam Aminu Kano suna wucewa ta samanta, gonaki da yawa na kewayenta an yanka su filoti.